Haɓɓanaye a Cikin Waya

Akwai wata magana da aka koya mani a wajen koyon tsara wasannin waya, wadda har yau in ta faɗo mani a rai sai in ji abinci ya fita kaina. Wanda ya koya mana ita da Faransanci ya faɗe ta, yana murmushi, amma ga ta da Hausa: ɗan wasa ba ya yin abin da ka roƙe shi, abin da ƙa'idar wasa ke saka masa a kai shi yake yi. Na yi musu da ita, na zage ta, na kashe waya a kanta. Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne ban taɓa kama ta da ƙarya ba.

Ni mai gyaran waya ne a Dakoro. Rumfata tana bakin hanyar da ake bi da dabbobi zuwa kasuwa, don haka ranar kasuwa ina canza fuskar waya ina korar ƙuda, tumaki na goga jikinsu a ƙafar teburina. A nan wani abokina ya nuna mani sanarwar wata formasiyon, wato horo, da ake yi ta waya, ta koyon tsara irin wasannin nan da yara ke dannawa har su manta an aike su. Na shiga ne don ina da wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da aka kawo gyara mai ita bai dawo ba, kuma na gaji da wasannin da nake tura wa mutane: wani ɗan tsurut yana tsalle yana cafke zinariya a ƙasar da ƙanƙara ke zuba. Mai koyarwar a Yamai yake. Mushe muke ce masa kamar malamin lakwal, makarantar boko, ko da yake da wuya in ya girme ni. In rezo, wato layin sadarwa, ya yarda mu gan shi a bidiyo, in bai yarda ba ya aiko da murya.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, mutumin ya san aikinsa. Ni na zaci da zane da launi za a fara, sai ya hana mu ko taɓa ordinatar. Ya ce kowane wasa yana da wani ɗan abu da ake maimaitawa, ka yi, ka ga abin da ya fito, ka sake yi, kuma in wannan ɗan abin ba shi da daɗi to duk kyan zanenka ba mai zama. Ya ce duk abin da ɗan wasa ya taɓa, wasan ya amsa masa nan take, ko da ƙara ko da motsi. Ya ce kada ka ajiye wa mutum hanya biyu alhali kowa na ganin ɗaya ta fi, wannan ba zaɓi ba ne, raini ne. Sannan ya ce wanda ya faɗi ƙasa a bar masa hanyar tashi, in ba haka ba zai aje wayar ya yi tafiyarsa. Wannan ta ƙarshe ita ta kama ni, don a lokacin ina da mutumin da ya faɗi ƙasa.

Kawuna ne, ƙanen innarmu. Dangin Inna Fulani ne da suka daɗe da zama wajen Korahane, suna ɗan noma suna kiwo. A shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, ciyawa ta ƙare tun sanyi bai wuce ba, Kawu ya yi duk abin da makiyayi ke yi. Ya sayar da bijimai ya sayi dusa, ya yi kudu da sauran, ya dawo da ragowar da ba sa iya miƙewa sai an kama wutsiya an ɗaga. Ruwan farko da ya sauka ya ƙarasa su. Aka bar shi da 'yan awaki da turaku tsaye a fili ba komai a jikinsu. Matarsa ta gaya wa Inna cewa har lokacin yakan tashi da asuba ya ɗauki ƙwarya ya nufi garke, sai ya yi nisa ya tuna. Aka fara maganar wani ɗan garinsu zai sama masa aikin gadi a wata magazar hatsi, wato ma'ajiya, a Maradi. Inna ta ce ita ta san ƙanenta, ranar da ya zauna bakin ƙofar wani yana buɗe wa motoci, ranar an gama da shi.

Su kuwa suna da maganin irin wannan faɗuwa, sunansa haɓɓanaye. Mai shanu zai zaɓi karsana ya kai wa wanda ya rasa, ya ɗaure masa a turke. Tana nan wurinsa yana tatsa, ta haihu, ta sake haihuwa, maruƙan duka nasa ne. In ya samu abin kafa garke sai ya mayar da uwar ga mai ita. Ba a ciniki, ba a kafa sharaɗi, mai bayarwa ba ya ma zuwa leƙen ko ta yi ƙiba. Matsalar ita ce duk waɗanda za su yi wa Kawu haka, farin bai bar su ba. Mutum ɗaya ya rage a dangi da shanu tsaye, shi ne yayana.

Yaya ɗan kasuwar hatsi ne. Yana sayen gero da kaka, ya yi kudu da shi, ya dawo da kaya. Shanunsa ba su san an yi fari ba, don dusar a magazarsa take. Kuma ya sani, kamar yadda na sani, da nonon wace saniya aka dama mana fura muna yara. Shekarar da ciwo ya kwantar da babanmu, Kawu ne ya jawo wata jar saniya da ƙafa har gidanmu ya ɗaure, ya sha ruwa ya koma. Inna ta yi wa Yaya magana. Ya ce, "In sha Allahu, Inna, bari a ga damana." Damina ta zo, ya ce bari a ga kaka. Ni ba na iya yi masa maganar, don na san bakina, da na buɗe shi faɗa ne zai fito, kuma a gidanmu ƙane ba ya zaunar da wa ya karanta masa zumunci.

To da Mushe ya ce kowa ya tsara wasansa daga abin da ya sani, ban yi dogon tunani ba. Na ce zan yi wasan kiwo, in sa haɓɓanaye a ciki, in miƙa wa Yaya wayar da hannuna. Abin da bakina ya kasa faɗa, wasa ya faɗa masa.

A ƙasa na fara, bayan rumfata, kamar yadda aka koya mana. Tsakuwa su ne shanu, ƙwallon dabino buhunan dusa. Kowane ɗan wasa yana da garke, shekara tana juyawa daga damina zuwa kaka zuwa rani, kowane zagaye ka zaɓa: ka yi arewa neman ciyawa, ka sayar ka sayi dusa, ko ka zauna ka yi fatan alheri. Wani lokaci fari ya faɗo. 'Yan fadarmu, inda muke shan shayi bayan la'asar, su ne masu gwada mani. Da na ga sun fara mantawa da shayi a kan wuta, na san ɗan abin da ake maimaitawa ya yi daɗi. Sai na koma kan ordinatar, na sha wahalar da ba zan tsaya ba da labarinta ba, wutar kuran na ɗaukewa ina zagi, har wasan ya shiga waya. Waya ɗaya ake miƙawa hannu zuwa hannu, don ban yarda da rezonmu ba. A ƙasan fuskar na sa maɓalli mai hoton igiya, na rubuta haɓɓanaye. In wani ya rasa garkensa, ka danna, karsanarka ɗaya ta koma wurinsa.

Akwai wata doka ta gwaji da Mushe ya nanata mana: ka ba mutane wasa, ka rufe bakinka, ka kalli hannunsu. Ranar gwajin farko a waya, mai kabu-kabun fadarmu ya yi arewa a shekarar da bai kamata ba, fari ya share shi tas. Wayar ta zo hannun wani tela na fadarmu, wanda garkensa ya cika fuskar waya har shanu na hawa kan juna. Maɓallin yana nan yana ƙyalli a ƙarƙashin babban yatsansa. Ya tsallake shi ya sayi dusa. Zagaye ya dawo, ya sake tsallakewa. Mai kabu-kabu ya koma gefe yana fifita gawayi. Na ciji leɓe har na ji gishiri, daga ƙarshe dokar Mushe ta sha ruwa.

"Kai, ba ka ga mutum ya hwaɗi ba? Ga abu nan gabanka!"

Tela ya ɗago kai. "Na gani mana. In na ba shi, mi za ni samu?"

"Lada!"

"Lada cikin waya?"

Fada ta fashe da dariya, har shi wanda ya faɗin. Da wani marowaci ne ya faɗi haka da ban damu ba. Amma wannan tela duk sallah sai ya ɗinka wa marayun unguwarsu kaya bai karɓi komai ba, na sani don a gabana ake kawo yadin. Mutumin kirki ne na zaunar a cikin wasana, wasan ya mayar da shi wani abu dabam a gaban idona.

Na kai wa Mushe ƙara kamar wanda aka yi wa sata. Ya saurare ni har na gama, sai ya faɗi maganar nan da na fara da ita. Ya ce telanka ba shi da laifi, ya karanta wasanka daidai. Ka yi maɓallin da ke rage wa mutum dukiya ba ya ƙara masa komai, a wasan da mai yawan shanu ke ci. Wannan mataccen maɓalli ne. Ko ka sa ya riƙa biya, ko ka cire shi.

Na ce masa haɓɓanaye ba a yin sa don a biya, da ana biya da ba sunansa ke nan ba. Ya ce ya gane, al'ada ce mai kyau. Wallahi da ya zage ta da ya fi mani sauƙi da wannan "mai kyau" ɗin, kamar ana yaba tsohuwar tukunya. Ya ce in kana son mutane su san al'adar, rubuta ta a gabatarwa su karanta. Amma in kana son su yi ta da hannunsu, sai ƙa'ida ta tura su. Na kashe wayar ban yi sallama ba.

Na yi taurin kai iyakar iyawata. Na sa murya, in ka danna maɓallin wata tsohuwa ta ce Allah ya saka da alheri. Suka danna sau ɗaya don su ji, suka yi dariya, suka riƙa kwaikwayonta, ba su ƙara ba. Na sa wasan ya riƙa tuna wanda ya taɓa bayarwa, ya nuna sunansa in shi ma ya faɗi, ko wani zai ji kunya. Ba wanda ya ji. Wanda ya faɗi kuwa kullum sai ya tashi ya bar fada kafin a gama, daidai yadda Mushe ya ce zai faru. Lokacin miƙa aiki ya matso, kaka ma ta matso, mutumin Maradi ya aiko yana tambayar Kawu ko yana so ko a ba wani.

Sai na zauna na yi abin da aka ce. Na canza ƙa'ida: wanda aka ba karsana shi ke ciyar da ita duk rani, maraƙin farko nasa, na biyu na mai bayarwa, haka za a yi ta yi. Gyaran bai ɗauke ni komai ba, layi kaɗan ne.

Wasan ya tashi. Ban taɓa ganin abu ya canza haka ba. Wanda ya faɗi ba ya tashi daga tabarma, don ya san za a yi rububin ba shi. Masu garke suna lissafin wa za su ba, yaushe, ko su jira ya ƙara talaucewa. Ana ihu, ana rantsuwa, shayi na ƙonewa. Mutane daga wata fada suka fara zuwa a tura masu. Mushe ya nuna wasana ga sauran ɗalibai ya ce ga yadda ake ta da mataccen maɓalli. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Amma akwai ranar da na ji tela yana cewa, da dariya, "Allah ka kawo hwari wajen wanga, ina da karsana zaune." Na ce a raina ai wasa ne.

Da wannan wasan na je wurin Yaya. Na same shi bakin magaza bayan azahar, ana jiran wata kamyo, babbar motar kaya, da ta makara. Ya dube ni ya dubi wayar.

"Wasan yara ka kawo mani da rana tsaka?"

"Na shanu ne, Yaya. Ni na yi shi. Ku gwada kahin mota ta zo."

Ya karɓa don ba shi da abin yi, muka zauna da shi da mai yi masa awo. Zagayen farko yana dannawa yana kallon hanya, fari ya cinye shi. Sai ya gyara zama. Duk wanda ya san Yaya ya san wannan gyaran zaman, shi yake yi in an fara ciniki na gaske. Kafin kamyo ta iso ya gane wasan fiye da 'yan fadarmu duka. Ya ba ni karsana, ya ba mai awo, ya zauna muna ciyar masa da shanu maruƙa na dawo masa. Ina kallon yatsansa a kan hoton igiyar, ina cewa a raina yanzu zai tuna da jar saniya.

Ya ce, "Tsaya. Shi ke ciyar da ita duk rani, ni in ɗauki na biyu?"

"A cikin wasa, Yaya."

"Wa ya hiddo wanga tsari?"

"Ni. Don wasan ya yi tahiya ne."

Ya jinjina kai yana kallona, kallon da bai taɓa yi mani ba. "Ashe kana da kai," in ji shi. Tun da na buɗe rumfar gyaran waya bai taɓa yaba wani abu nawa ba, don haka na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Ba a yi mako ba ya sa makiyayinsa ya zaɓi karsana, fara mai baƙin kunne, aka kai wa Kawu. Inna ta yi kuka ta yi guɗa a lokaci guda. Na hau moto na je na gani da idona. Na tarar da Kawu zaune kusa da turke yana tufka sabuwar igiya ta kaba, don ya ce wadda aka kawo ta da ita ta roba ce, tana cin wuya. Ya cire mata kaska, ya jiƙa mata kanwa, yana yi mata magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Ya riga ya aika wa mutumin Maradi cewa a ba wani gadin. Ya ce mani, "Yayanku ya tuna." Na ce e, Kawu, ya tuna. A raina ina cewa ni na tuna masa, da waya, kuma Mushe ya zo ya gani.

Bayan 'yan makonni aka yi suna a garin su Kawu, muka je da Yaya. An yi addu'a, an raba goro, maza na zaune kan tabarmi ana hira. Nan, a gaban dattawan garin, Yaya ya gyara zama.

"Kawu, zancen karsanar nan, gara a hwaɗe shi gaban mutane don kada a samu ruɗani gaba. Maraƙin hwarko naku, na biyu nawa, haka za mu yi ta yi. Ciyarwa tana wajenku. Tsari ne na zamani, kowa na ci. Ga ma wanda ya hiddo shi nan zaune."

Ya nuna ni da haɓa, yana murmushi, yana ganin girmama ni yake yi.

Wani tsoho ya mayar da goron da ya ɗauko cikin aljihu. Kawu bai dubi Yaya ba, ni ya duba. Na miƙe tsaye a gaban manya, abin da ban taɓa yi ba, na ce wasa ne, wallahi wasan waya ne, ba haka ake nufi ba. Yaya ya ce, cikin mamaki na gaske, "To in ya yi kyau cikin waya, mi ya hana shi waje?" Kawu ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan, ya juya ya ci gaba da gaisawa da baƙi.

A hanyar dawowa na faɗa wa Yaya duk abin da na haɗiye tun shekarar fari. Na tuna masa jar saniya, na tambaye shi maraƙi nawa Kawu ya karɓa a gidanmu. Ya ce wancan zamani dabam, lokacin ciyawa kyauta ce. Ya ce wata da watanni ana roƙonsa ya rasa yadda zai yi abin ba tare da ya yi asara ba, sai ni na kawo masa hanya har bakin magaza, yanzu kuma ina zaginsa. Abin da ya sa na kusa faɗowa daga moto don haushi shi ne ba ƙarya yake ba, kuma ba mugunta yake ji a ransa ba. Na ba shi wasa don ya ga Kawu a ciki, shi kuwa ƙa'ida ya gani, ya ɗauka, ya tafi da ita. Ni na ce wasa ne. Ba ni na tashi gaban dattawa na sa wa ƙanen uwata sharaɗi ba, kuma duk wanda ya ce mu biyu ɗaya muke sai mun yi rigima da shi.

Ranar kasuwa ta zagayo. Ina kan wata waya da ta faɗa ruwa, sai inuwa ta rufe teburina. Kawu ne, ƙafafunsa fari fat da ƙura, karsanar tana bayansa. Da ƙafa ya jawo ta tun daga Korahane. Na tashi na ba shi kujerata, na kawo ruwa, ya ba ta ta fara sha a kwano sannan ya sha saura a moɗa.

"Ɗana, nuna mani abin nan naka."

"Kawu, ku bar shi, shirme ne."

"Nuna mani."

Na buɗe. Bai iya karatun boko ba, amma ya gane shanu, ya gane rijiya, ya gane lokacin da ciyawa ta koma ja. Na yi wasa da garke biyu a gabansa har fari ya share ɗaya. Na nuna masa hoton igiya, na danna, karsana ta tsallaka daga wannan garke zuwa wancan, tsohuwa ta ce Allah ya saka da alheri. Ya ɗan yi murmushi da ya ji muryar.

"Wanga da aka ba," in ji shi, ya sa yatsa kan garken da ya faɗi, "ina nashi wurin dannawa?"

"Na mi, Kawu?"

"In ba ya so."

Na dubi fuskar wayar kamar ba ni na yi ta ba. Babu. Mai bayarwa yana da maɓalli, wanda aka ba ba shi da komai, karsana kawai take faɗo masa. Ban taɓa tunanin sa shi ba. 'Yan fada ba su taɓa nema ba. Mushe, wanda ke ganin ƙaramin kuskure daga Yamai, bai taɓa tambaya ba. Wa zai ƙi abin da ke tayar da shi daga ƙasa?

Na ce, "Babu, Kawu."

Ya ce, "To ka sa."

Na roƙe shi. Na ce ya bar ta a nan, ni zan koma wurin Yaya, Inna za ta shiga maganar, za a janye sharaɗin. Ya ce an riga an faɗa gaban mutane, ko an janye, duk maraƙin da ta haifa sai garin ya ƙirga. Ya tashi. Na bi shi har ƙofar magazar Yaya. Yaya ba ya nan, sai mai awo. Kawu ya nemi igiyar roba, ya ɗaure karsanar a jikin ƙarfen ƙofa, ya kwance tasa ta kaba daga wuyanta ya naɗe a hannu. Ya shafa bayanta sau ɗaya, ya ce a gaida mai gida, a ce masa ya gode.

Na sa maɓallin. Yana nan gefen hagu, in an ba ka karsana sai ya fito, an rubuta a'a na gode. In ka danna, karsana ta koma, ka zauna ba ka da komai. Tun da na sa shi ban ga wanda ya danna ba, sai mai kabu-kabu sau ɗaya bisa kuskure, ya yi ta zagina. Da na aika wa Mushe sabon aikin, ya ce komai ya yi, sai dai wannan mataccen maɓalli ne, in cire shi. Gaskiya ya faɗa, kamar kullum. Ban cire ba, ban kuma ƙara amsa saƙonsa ba.

Gadin farko an riga an ba wani, sai da Kawu ya jira aka sama masa wani a wata magazar. Karsanar ta haihu a garken Yaya, har ya turo mani hoton maraƙin a waya, ban san me yake so in ce ba. Kwanaki na je Maradi sayen kayan gyara, na nemi wurin. Na tarar da Kawu yana jan ƙofar ƙarfe wata kamyo na shiga, direban na yi masa tsawa ya yi sauri. Da motar ta wuce ya gan ni, ya yi murna, ya tambayi Inna, ya tambayi ko an yi ruwa wajenmu. Ya ce in zauna, ya shiga ɗan ɗakin gadi ya ɗauko mani tabarmarsa. A naɗe take, ɗaure da igiyar kaba. Na tsaya ina kallonsa yana kwance ta a hankali, yana naɗe ta a hannu don kada ta taɓa ƙasa.